Dumama Gini Ta Ƙarƙashin Daɓe A Ƙasashe Masu Tsananin Sanyi: Inda Ribar Take Da Inda Asarar Take

A ƙasashen da ke ƙuryar arewacin duniya, inda sanyin hunturu kan kai digiri 40 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, kuɗin dumama gini yana daga cikin manyan abubuwan da ke cin aljihun magidanci da mai masana'anta. Wannan ne ya sa shimfiɗa bututun ruwan ɗumi a ƙarƙashin daɓe ya zama babbar harka a ƙasashe irin su Siwidin da Finlan da Kanada da arewacin ƙasar Sin, inda kamfanonin roba da masu ƙera tukwanen dumama ruwa da 'yan kwangilar gini ke samun abincinsu a cikinta.

Domin a fahimci irin sanyin da ake magana a kai, ya kamata a tuna cewa ɗakunan sanyi da ake ajiye daskararren kifi a Legas ko Kano ana riƙe su ne a kan digiri 18 ƙasa da sifili ko ɗan abin da ya fi haka sanyi. To, a birnin Yakutsk na yankin Saiberiya a ƙasar Rasha, wanda ke da mutane fiye da 300,000, matsakaicin yanayin watan Janairu ya kusa digiri 40 ƙasa da sifili. Wato mutumin da ya baro titin wannan birni ya shiga ɗakin ajiyar kifi, ɗumi zai ji. A garin Mohe da ke arewacin Sin an auna digiri 53 ƙasa da sifili a watan Janairun 2023, a birnin Harbin kuwa wata shida cur ake yi ana dumama gidaje, daga Oktoba zuwa Afrilu.

Yadda tsarin yake ba shi da wuyar ganewa. Kafin a zuba kankaren daɓe, akan shimfiɗa siririn bututun roba mai kaurin ɗan yatsa, a yi ta karkaɗa shi yana kaiwa da komowa daga wannan bango zuwa wancan, da tazarar santimita 10 zuwa 30 tsakanin layi da layi. Bututun kowane ɗaki yana komawa ga wata mararraba guda da ke cikin bango, inda ake iya ƙara ko rage ruwan da ke zuwa kowane sashe. Daga nan sai a zuba siminti a binne shi. Wani ƙaramin famfo mai aiki da lantarki shi ke tura ruwan ɗumi daga tukunya ya zagaya ya dawo. Daɓen ya ɗau ɗumi, shi kuma ya riƙa saki a hankali zuwa ga bango da kujeru da jikin mutanen da ke ɗakin, kamar yadda katangar da ta sha rana take ci gaba da fitar da zafi bayan magariba. Akwai kuma nau'in da ake amfani da wayar lantarki a madadin bututun ruwa, wanda ke da arha wajen sakawa amma yake shan wuta ƙwarai. A ƙasar Norwe, inda mafi yawan lantarki daga madatsun ruwa yake fitowa, irin wannan ya zama ruwan dare a ɗakunan wanka.

Dabarar kanta tsohuwa ce. Rumawa sun riƙa ɗora daɓen gidajen wankansu a kan gajerun ginshiƙan tubali, su hura wuta a gefe, zafi da hayaƙi su bi ta ƙarƙashi. A arewacin Sin akwai gadon tubali da ake kira kang, wanda bai da bambanci sosai da gadon ƙasa na ƙasar Hausa da ake hura wa wuta lokacin hunturu ko domin mai jego. Amma mutanen Koriya ne suka mayar da abin ginshiƙin rayuwarsu. A tsarinsu mai suna ondol, hayaƙin murhun girki ne ke bi ta wasu hanyoyi a ƙarƙashin faifayen duwatsu kafin ya fita ta ɗaya gefen gidan, shi ya sa har yau Bakoriye kan cire takalmi a bakin ƙofa, ya zauna ya ci abinci ya kuma kwanta a ƙasa.

Koriya ta biya wannan al'ada da tsada a shekarun 1960 da 1970, lokacin da aka koma ƙona curin kwal a madadin itace. Idan daɓe ya tsage, iskar guba marar wari da kwal ke fitarwa takan sulalo cikin ɗaki ta halaka iyali suna barci. Maganin da aka samu shi ne raba wuta da ɗakin kwana baki ɗaya, a ƙona makamashi a cikin tukunya a waje, a turo ruwan ɗumi kaɗai ta bututu. A yau kusan kowane gidan bene na zamani a Koriya ta Kudu da wannan tsari ake gina shi, kuma kamfanonin tukwane na ƙasar, irin su Navien da Kiturami, sun girma a kan wannan kasuwa ta cikin gida har suka shiga sayarwa a Rasha da Amurka.

A Amurka, shahararren mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright, wanda ya ga ɗaki irin na Koriya sa'ad da yake aiki a Japan, ya binne bututu a daɓen wani gida da ya zana a birnin Madison na jihar Wisconsin a 1937. Bayan yaƙin duniya na biyu, daga 1947, an gina dubban gidaje a Levittown kusa da birnin New York da bututun tagulla a cikin kankare. Da tafiya ta yi nisa sai bututun suka fara yoyo, kuma da yake gyara yana nufin fasa daɓe, masu gidaje da dama suka rufe tsarin suka koma wata hanya. Sunan harkar ya ɓaci a Amurka na tsawon shekaru. Abin da ya farfaɗo da ita shi ne wata irin roba mai jure zafi da matsi da ake kira PEX, wadda wani injiniyan Jamus, Thomas Engel, ya samo hanyar sarrafa ta a ƙarshen shekarun 1960, kamfanin Wirsbo na Siwidin kuma ya fara fitar da bututunta a farkon shekarun 1970, daidai lokacin da rikicin man fetur na 1973 ya tilasta wa Turawa sake lissafin kuɗin dumama gidajensu. Wirsbo ya narke daga baya cikin kamfanin Uponor na Finlan, wanda shi ma kamfanin Georg Fischer na Suwizalan ya saye a 2023.

Ita ma robar sai da ta koya wa masu harkar darasi. An gano cewa iskar oksijin tana ratsa jikin bututun roba ta shiga ruwan da ke ciki, ta sa tukunya da famfo da duk wani ƙarfe da ke kan layin su yi tsatsa. Tun daga shekarun 1980 aka fara yi wa bututun dumama daɓe wani siririn rufi mai hana iskar shiga. A ido, bututun ruwan sha da na dumama daɓe kusan iri ɗaya ne, kuma na farkon ya fi arha. Ɗan kwangilar da ya musanya su domin ya ci rarar kuɗi ba za a gane shi ba sai bayan shekaru, lokacin da tukunya ta ruɓe.

Babbar ribar tsarin tana ga ƙarancin zafin ruwan da yake buƙata. Lagireton ƙarfe da ake kafawa a jikin bango, wanda aka saba da shi a tsofaffin gine-ginen Turai da Rasha, ƙaramin abu ne da aka ɗora wa nauyin dumama ɗaki gaba ɗaya, don haka dole a ba shi ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 80. Daɓe kuwa faɗinsa faɗin ɗaki ne, saboda haka ruwa mai ɗumin digiri 30 zuwa 45 ya wadatar da shi. Wannan bambanci kuɗi ne kai tsaye. Tukunyar gas ta zamani tana iya tatso ragowar zafin da ke cikin tururin hayaƙinta ne kawai idan ruwan da ke dawo mata bai kai digiri 55 ba. Haka kuma injin jawo zafi, wanda ke aiki kamar firji amma a juye, yana ɗebo zafi daga iska ko daga ƙarƙashin ƙasa yana shigar da shi gida, ingancinsa yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya da aka rage daga zafin ruwan da ake nema a wurinsa. A Siwidin da Finlan, inda ake haƙa rijiyar burtsatse mai zurfin mita 100 zuwa 200 domin irin wannan inji, haɗa shi da bututun daɓe ya zama abin da aka saba a sababbin gidaje. Farashin gas a Turai ya haura Yuro 300 kan kowace megawat-awa a watan Agustan 2022.

Sai dai kuma akwai wata iyaka wadda masu talla ba su cika ambatonta ba, kuma ita ce ƙashin bayan lissafin duka. Tafin ƙafar ɗan Adam ba ya jure dogon zama a kan daɓe mai zafi. Ƙa'idar Turai ta kayyade cewa a wurin da mutane ke zama ko aiki, zafin fuskar daɓe kada ya wuce digiri 29. An yi sassauci zuwa 33 a ɗakin wanka, da 35 a ɗan siririn wurin da ke bin bangon waje inda ba a cika tsayawa ba. Idan ɗaki yana kan digiri 20, daɓe kuma yana kan 29, abin da kowane murabba'in mita zai iya bayarwa bai wuce wat 100 ba, wato kamar tsohon ƙwan lantarki guda ɗaya. Ko an kawo tukunya mai girman ɗaki, ba za a iya tura fiye da haka ta cikin daɓe ba sai an ƙona wa mutane ƙafa.

A ɗaya ɓangaren, zafin da gini ke zubarwa yana tafiya ne daidai da tazarar da ke tsakanin ciki da waje. A ɗauki misalin gida mai faɗin murabba'in mita 100. In aka cire wuraren da kabad da gado da kayan kicin suka rufe, abin da ya rage yana aiki bai fi mita 80 ba, wato kilowat 8 ke nan a iyakar ƙoƙarinsa. Idan wannan gida yana zubar da kilowat 5 a ranar da waje ke kan digiri 10 ƙasa da sifili, tazarar digiri 30 ce, daɓen zai riƙe shi ba wahala. Ranar da sanyi ya kai 40 ƙasa da sifili, tazarar ta zama 60, asarar ta ninka zuwa kilowat 10, daɓen kuma yana nan a kan 8. Gidan da ya wadatu a Jamus, in aka ɗauke shi aka dasa a Fairbanks ta jihar Alaska, mazaunansa za su kwana da riguna masu kauri alhali ƙafafunsu na kan daɓe mai ɗumi.

Abin da wannan lissafi ke nunawa shi ne, a ƙasa mai tsananin sanyi, kuɗin farko ba na bututu ba ne. Na kare gini ne daga zubar da zafi: bango mai kauri da aka cusa wa makarin zafi, rufi mai ninki, taga mai gilashi uku, da toshe duk wata kafa da iska ke bi. Taga tana da muhimmanci na musamman. Iskar da ta taɓa gilashi mai sanyi takan yi nauyi ta gangaro ƙasa ta bi idon sawu, kuma dalilin da ya sa aka saba kafa lagireto a ƙarƙashin taga ke nan, domin zafinsa ya tare ta. Daɓe ba ya iya wannan aiki sosai. Injiniyoyi kan matse layukan bututu kusa da bangon waje, ko su ƙara ɗan lagireto a ɗakin da ke da manyan tagogi, amma inda aka saka taga mai arha, babu dabarar da za ta rufe aibin.

Abin da aka shimfiɗa a kan daɓen ma yana cikin lissafi. Tayil da dutse da siminti tsura suna barin zafi ya wuce. Katako yana rage shi, kuma masu sayar da shi kan gargaɗi kada a wuce digiri 27 don kada ya bushe ya tsage. Darduma mai kauri kuwa bargo ce aka lulluɓa wa murhu.

Wani abin mamaki yana faruwa idan aka kai kariyar gini matuƙa. A 1977 an gina wani gidan gwaji a birnin Regina na lardin Saskatchewan a Kanada domin a nuna iyakar abin da kauri da toshe kafofi za su iya yi, kuma a 1991 Jamusawa suka gina gida na farko a Darmstadt bisa ƙa'idar da ta nemi kada buƙatar dumama ta wuce wat 10 a kan murabba'in mita. A irin wannan gida, daɓe ba ya buƙatar ya fi iskar ɗaki ɗumi da abin da ya wuce digiri ɗaya ko biyu, wato mai gidan ba zai ji ɗumin da aka yi masa alkawari a ƙafarsa ba. Wasu masana gini a Amurka da Kanada suna kafa hujja da wannan cewa kashe kuɗi a kan bututun daɓe a gidan da aka kare sosai almubazzaranci ne, tun da ƙaramin abu mai arha zai yi aikin. Maganar tana da ƙamshin gaskiya a yankunan da sanyinsu yake da sauƙi. A inda ake kai wa 40 ƙasa da sifili, ko gidan da aka kare sosai yana da buƙatar da za ta sa tsarin ya biya kansa, musamman idan da injin jawo zafi aka haɗa shi.

Daɓe yana da fuska biyu, kuma zafi bai san sama da ƙasa ba. Kankaren da aka dumama yana zuba zafi cikin ƙasar da ke ƙarƙashinsa da kuma gefen harsashi, dare da rana, tsawon wata shida ko bakwai, ba tare da kowa ya gani ba. Mai gida yana biyan kuɗin makamashi kamar mai tara ruwa a kwando. Saboda haka a Siwidin ya zama al'ada a shimfiɗa faifayen farar kumfar roba, irin wadda ake kare sabon firji da ita a cikin kwali amma mai ƙarfi, har kaurin santimita 30 a ƙarƙashin kankare, a kuma naɗe gefen harsashin da ita. Wannan shi ne sashen aikin da ba a iya gyarawa daga baya. Ana iya sauya tukunya, ana iya sauya taga, amma abin da aka bari a ƙarƙashin kankare ya zauna ke nan har ranar rushe ginin.

A can arewa mai nisa, matsalar ta wuce ta asarar kuɗin makamashi. A manyan sassan Saiberiya da Alaska da arewacin Kanada, ƙasa a daskare take shekara da shekaru, in ban da ɗan saman da ke narkewa da bazara. A wurare da yawa wannan ƙasa cakuɗe take da ƙanƙara, kuma ƙanƙarar ce ke ba ta ƙarfin ɗaukar gini. Da zarar zafi ya ratsa ya narkar da ita, sai ta koma taɓo, gini ya nutse ta gefe guda. A garin Dawson na yankin Yukon a Kanada, wanda ya bunƙasa lokacin rububin zinare na 1898, har yanzu akwai tsofaffin gine-ginen katako da suka jingina da juna saboda zafin murhunsu ya narkar da ƙasar da suke kai. Dumamammen daɓe da aka ɗora kai tsaye a kan irin wannan ƙasa tamkar an ɗora dutsen guga ne a kan curin ƙanƙara.

Shi ya sa a Yakutsk da garin Inuvik na Kanada ake ɗora gine-gine a kan dirkoki, a bar fili tsakanin gini da ƙasa domin iskar hunturu ta riƙa ratsawa. A nan daɓen bene na farko yana fuskantar iskar waje kai tsaye ta ƙarƙashinsa, ƙorafin sanyin ƙasa ya zama ruwan dare, kuma dumama daɓe yana da amfani matuƙa muddin an yi masa kariya mai kauri. Amma manyan gine-gine irin su rumfunan jiragen sama da garejin manyan motoci ba sa ɗoruwa a kan dirkoki cikin sauƙi. Ga waɗannan akan binne wasu rufaffun bututun ƙarfe a ƙarƙashin makarin zafi, kansu ya fito waje. A cikinsu akwai wani ruwa mai saurin zama tururi, wanda ke ɗaukar zafin ƙasa ya hau sama, iskar hunturu ta huce shi ya koma ruwa ya gangaro, haka har bazara, ba tare da lantarki ko inji ba. Irin wannan dabara ce aka yi amfani da ita a kan bututun man fetur na Alaska mai tsawon kusan kilomita 1,300 da aka kammala a 1977, inda aka kafa fiye da guda 120,000. Wato a gini ɗaya akan biya kuɗin dumama saman daɓe, a kuma biya kuɗin sanyaya ƙarƙashinsa.

Haɗari na gaba shi ne daskarewar ruwan da ke cikin bututun kansa. Ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya zama ƙanƙara, kuma bututun da ke binne a kankare ba shi da wurin miƙewa. Tsarin yana dogara ga famfon lantarki, don haka ko tankin mai yana cike, in aka ɗauke wuta ruwa ya tsaya. Mutanen lardin Kwibek na Kanada sun ɗanɗana wannan a watan Janairun 1998, lokacin da ruwan ƙanƙara ya karya turakun lantarki, miliyoyin mutane suka shiga duhu, wasu har tsawon makonni. Kankare mai kauri yana riƙe ɗumi na kwana ɗaya ko biyu, wanda ya fi abin da tsarin hura iska mai zafi ke iya yi, amma bayan haka sai abin da Allah Ya yi. Saboda haka a gareji da ɗakunan ajiya da gidajen da akan bari babu kowa, ana gauraya ruwan da sinadarin hana daskarewa mai suna gilaikol. Gaurayen rabi da rabi ba ya daskarewa sai an wuce digiri 30 ƙasa da sifili. Shi ma yana da nasa kuɗin: ya fi ruwa kauri, bai kai shi ɗaukar zafi ba, don haka yana buƙatar famfo mafi ƙarfi, kuma dole a riƙa gwada shi lokaci lokaci domin yakan lalace ya fara cin ƙarfe. Nau'in da ake zubawa a lagireton mota guba ne, ba a son sa a inda zai iya haɗuwa da ruwan sha.

Nauyin kankare da ke taimakawa ranar da aka ɗauke wuta shi ne kuma ke kawo cikas a sauran ranaku. Daɓe yana ɗaukar sa'o'i kafin ya ɗumama, yana kuma ɗaukar sa'o'i kafin ya huce. A watan Maris da Afrilu, lokacin da dare ke da tsananin sanyi amma rana ke shigowa ta taga da ƙarfi, ɗaki kan yi zafi fiye da kima har a buɗe taga a zubar da abin da aka biya kuɗinsa. Maganin da aka saba shi ne na'urar da ke auna yanayin waje ta daidaita ɗumin ruwa tun kafin ɗaki ya nuna alama. Kashe tsarin da dare domin tsimi, kamar yadda ake yi da na hura iska, ba ya haifar da wani abin kirki.

Game da tsimin makamashi da ake yawan tallatawa, akwai buƙatar taka tsantsan. Hujjar masu sayarwa ita ce mutumin da ƙafarsa ke kan ɗumi zai gamsu da ɗaki mai ƙarancin zafi, ya rage na'urar daidaitawa. Wani bincike da hukumar gidaje ta Kanada ta gudanar a lardin Nova Scotia a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa masu irin wannan daɓe ba su rage komai ba idan aka kwatanta da maƙwabtansu. Tsimin da za a iya dogara da shi yana fitowa ne daga ingancin tukunya ko injin jawo zafi da kuma kariyar gini.

Inda ba a jayayya a kan amfaninsa shi ne manyan gine-gine masu dogon rufi. A masana'anta ko rumfar jirgin sama, iska mai zafi takan haye sama ta taru a rufi inda babu kowa, ma'aikata na ƙasa suna rawar ɗari. Daɓe yana ajiye ɗumin a inda mutane suke. Idan aka buɗe ƙatuwar ƙofa aka shigo da mota, iskar ciki takan fice cikin 'yan mintoci, amma tarin zafin da ke cikin kankare yana nan, shi zai mayar da ɗakin yadda yake da zarar an rufe. Ƙanƙarar da ta maƙale a jikin mota ta narke, ƙasa ta bushe, makanike ya kwanta a ƙarƙashin mota ba tare da sanyi ya shige shi ba.

Ta fuskar jari, lokacin shiga harkar shi ne ranar da ake zuba kankare. A sabon gini, ƙarin kuɗin bututu da aikin shimfiɗa shi kaɗan ne a kan abin da za a kashe dama. A tsohon gini kuwa sai an ɗaga daɓe, an yanke ƙofofi, an sake matakala. Ana ƙera bututun ne da nufin ya yi shekara 50, wato zai ga bayan tukwane biyu ko uku. Masu ba da kwangila da suka san aikin kan nemi a cika bututun da matsi kafin zuba siminti, a bar ma'auni a kansa har a gama, domin in shebur ya huda shi a gani nan take. Sukan nemi kada a yi haɗi ko ɗaya a cikin kankare, a kuma ɗauki hoton shimfiɗar a ajiye, saboda ranar da wani zai zo da na'urar huda ƙasa yana son kafa inji. Daɓen siminti kuma sai ya yi mako uku kafin a fara tura masa ɗumi, a hankali, in ba haka ba ya tsage.

Akwai wuri guda da wannan ilmi ya shafi 'yan kasuwar Nijeriya kai tsaye, ko da yake babu hunturun da zai sa a dumama gida a nan. Babban ɗakin daskarar da kifi ko nama da ke aiki shekara da shekaru a kan digiri 18 zuwa 25 ƙasa da sifili yana yi wa ƙasar da ke ƙarƙashinsa akasin abin da gidan Dawson ya yi. Sanyi yana ratsa daɓe a hankali, komai kaurin makarin da aka sa, har ya daskarar da damshin ƙasa, ƙanƙara ta taru ta kumbura ta ɗaga daɓen, kankare ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa, kantocin ajiya su karkace. Zafin garin ba ya hana wannan, domin tsakiyar babban ɗaki ta yi nisa da rana. Abin da injiniyoyin sanyaya kaya ke yi shi ne shimfiɗa bututun gilaikol ko wayar lantarki ko hanyoyin iska a ƙarƙashin makarin zafi, domin a riƙe ƙasar a kan 'yan digiri sama da sifili. A manyan ɗakunan ajiya, zafin da ake turawa cikin wannan bututu daga injin sanyaya ɗakin ake ɗebo shi, wanda da a iska za a zubar da shi.